Asabar: inuwar da ta ɓace a GTA V

Bayan sallar asuba ban koma barci ba, kwamfuta na kunna. Tun daren jiya na lura hoton wasan GTA V ya canza min. Launuka suna nan da kaifinsu, amma inuwar nan mai laushi da MXAO, wani tasirin hoto, ke shimfiɗawa a ƙarƙashin motoci da lungunan gine-gine ta ɓace. Wanda bai saba ba, ba zai lura ba. Ni kuwa saboda ita na sa ReShade tun farko, manhajar da ke ƙara wa hoton wasa irin waɗannan tasirai.

Na kira wani abokina, ya ce, "Malam, goge komai ka sake saukewa kawai." Wasan da ya kusa gigabait 100, da wannan tsadar data? Na ce masa a'a, sai na gano inda ciwon yake.

Na leƙa foldar wasan, dxgi.dll, fayil ɗin ReShade, na nan kusa da GTA5.exe. Na karanta ReShade.log, babu ko ɗaya daga cikin tasiran hoton (shaders) da ya ƙi tashi. Vibrance da LumaSharpen suna aikinsu. A nan na tsaya na yi tunani: waɗannan biyun launin hoto kawai suke taɓawa, amma MXAO sai ta san nisan kowane abu daga kyamara kafin ta san inda za ta sa inuwa. Idan bayanan zurfin nan ba su iso mata ba, tana nan a kunne amma makauniya ce.

Na kunna DisplayDepth, mai nuna bayanan zurfin a kan allo, don in gani da idona. Wayam, babu komai.

Sai wajen azahar na shiga saitin hoto na wasan kansa, na tarar da MSAA, saitin da ke gyara gefen abubuwa, a kan x4. Ashe ƙanina ne ya kunna ranar Alhamis, wai gefen abubuwa ya yi masa zagi-zagi. Yana da gaskiya, sai dai MSAA na hana ReShade karanta zurfin. Na kashe, na sake buɗe wasan, sai ga titi da motoci sun fito a DisplayDepth daki-daki. Wallahi na ji daɗi har raina.

Da yamma na zaunar da shi na nuna masa SMAA a cikin ReShade, wadda ke gyara gefen ba tare da ta taɓa zurfin ba. Na kuma gargaɗe shi kada ya shiga GTA Online da fayilolin ReShade, tunda akwai BattlEye, manhajar kama masu maguɗi, a can tun 2024. Na kwafi saitina a filas kafin in kashe kwamfutar.