Batirin da ya tsayar mana da mota a hanyar Madina

Shekara shida ke nan ina riƙe da sayen kayan gyara a wani kamfanin bas-bas da ke jigilar masu Umra tsakanin Jidda, Makka da Madina. Da na fara, aikin bai wuce in kira dillalai uku ba, wanda ya fi araha shi ne nawa. Manaja na yabo, ni kuma ina ganin na iya ciniki.

Wata bazara na sayo batir sittin, kowanne da ragin kusan riyal tamanin. Ban duba ranar da aka ƙera su ba. Ashe sun daɗe jibge a sito, batir kuwa ko ba a ɗora shi a mota ba cajinsa zuba yake yi, balle a zafin Jidda da kan kai digiri 40. Wata takwas ba su cika ba suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata motarmu ta ƙi tashi bayan an tsaya sallar Azahar a hanyar Madina, cike da tsofaffi 'yan Kano da Damagaram, ga rana, ba na'urar sanyi. Awa uku suka yi a wurin. Har yau in na tuna muryar direban a waya sai gabana ya faɗi.

Washegari babban bakanikenmu, dattijon da kakansa ya zo Makka a ƙafa ta Sudan, ya ja ni bayan gareji. Matattun batura ne tsibi jikin katanga, wasu sun tsage, ƙasar wurin ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri. A nan yaran gareji ke tsiyaye ruwan batir da hannu, ba safa, kafin 'yan gwangwan su zo.

"Ɗana, kai ke sayo su," in ji shi. "Ka taɓa tambayar inda suke zuwa?"

"Ban taɓa ba, Baba."

Ruwan nan asid ne, farantan ciki kuma dalma ce. Duk ɗan Arewa ya san yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ga shi kuma dalma ƙarfe ce da ake narkawa a sake ƙera sabon batir da ita ba tare da ta lalace ba. Wato dukiya muke zubarwa, muna cutar da yaranmu a kai.

Daga ranar na sauya takardar ciniki. Batirin da ya wuce wata shida da ƙerawa ba ya shiga sitona, haka wanda ba shi da shaidar inganci ta hukumar Saudiyya da ake kira SABER. Abin da ya fi jawo rigima shi ne sharaɗin da na kafa cewa duk sabo ɗaya, dillali zai ɗauki tsoho ɗaya da ruwansa a ciki, ya kai wa kamfanin da ke da lasisin Cibiyar Kula da Shara ta Ƙasa, ya kawo mini rasit. Dillalai biyu suka gudu. Na uku ya tsaya, har yana rage mana kuɗin tsofaffin daga farashi. Yaran gareji sun yi ta fushi da ni, don kuɗin gwangwan nan shi ne na shayinsu, sai da na roƙi manaja aka ƙara musu wani abu a wata. Haƙƙinsu ne, da ban yi haka ba da na zalunce su.

Na kuma koma sayen batirin da ake ƙerawa a Dammam, a nan cikin Saudiyya, ko da ya ɗan fi tsada. Amfanin haka ya fito a ƙarshen 2023, lokacin da rikicin Bahar Maliya ya sa jiragen ruwa zagaya Afirka. Tacen iska da takalmin birki da muka yi oda daga Asiya sai da muka yi ta jira, batir kuwa tirela ce ke kawo shi.

Yanzu kan tsohon baƙin man da muke juyewa daga motoci nake. Durom huɗu na nan a bayan gareji, kuma mai ɗaukarsa bai kawo mini rasit ko sau ɗaya ba. Na faɗa masa in bai kawo wannan watan ba, mun rabu.