Kalmar da ke ƙasan warƙa

Bayan rasuwar kakanmu, ni aka danƙa wa gafakarsa. Warƙoƙi ne wajen ɗari uku a ciki, ba ɗinki, ba lambar shafi, kuma sun cakuɗe. Na ce bari in ɗauke su hoto da waya kafin gara ta gama da su. Don hoton ya fito tsaf, sai na riƙa datse gefe-gefen warƙar a cikin hoton. A ganina rubutun tsakiya shi ne littafi, sauran kuwa tarkacen almajirai ne.

Kwana huɗu ina wannan aika-aika. Da na kai hotunan wa wani tsohon malami a unguwarmu, yana dubawa ya ce, "Ɗana, ina kalmar ƙasa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, wace kalma?" Ashe a bayan kowace warƙa, can ƙasa ta hagu, mai kwafa kan ajiye kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da ita ake jera littafin da ba a ɗinke ba, ni kuwa ita na yi ta yankewa.

Dole na sake daga farko. Da muka bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, sai ga littafi biyu: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, da Ishiriniya. Inda Risala ta ƙare, layukan sun yi ta tsukewa kamar mazurari, aka sa "tammat", wato "ta ƙare", sannan sunan mai kwafa da roƙon gafara ga iyayensa. Sunan ba na kakanmu ba ne, alhali a gida kowa na cewa rubutun hannunsa ne.

Ishiriniya ce ta fi ɗaure min kai. Tun ina yaro nake jin ta a Maulidi, na ɗauka duka ta Alfazazi ce. Malam ya ɗora yatsa ya nuna min: a kowane baiti mai ɗango biyar, biyun ƙarshe ne kawai na Alfazazi, wanda ya rasu a Marrakesh a 1230. Ukun farko tahamisi ne, wato ƙarin da Ibn Muhibu ya yi don baitin ya zama mai ɗango biyar. Ƙarin ya shige jikin asali, har mai rerawa ba ya jin gaɓar.

Tarkacen da na raina kuma, fassara ce da ajami, kalma bisa kalma, da tawada iri uku.

Warƙa biyu har yau ban san gurbinsu ba. Gara ta riga ni zuwa kusurwar.