Me Yaron Yake Samu Daga Rashin Jin Nasa?

Kusan kowane ajin firamare ko Islamiyya akwai yaro ɗaya ko biyu da sunansu ba ya barin bakin malami. An sa kamun kunne, an sa tsallen kwaɗo, an zane, an kira iyaye, washegari a koma gidan jiya. Hukuncin da aka yi sau goma halin bai ragu ba, ba ya aiki, kuma ƙara masa zafi ba zai sa ya fara ba. Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ba ya nanata abin da ba ya biya masa wata buƙata.

Masana ɗabi'a sun tattara buƙatun nan gida huɗu: a kula shi, ya kuɓuce wa abin da ya yi masa nauyi, ya samu wani abu a hannu, ko jikinsa ya ji daɗin motsin kansa, kamar kaɗa ƙafa da tsotson yatsa. Kuka iri ɗaya na iya fitowa daga kowanne cikinsu, kuma maganin wannan guba ne ga wancan. Don haka aikin farko ba gyara ba ne, ƙirge ne.

A ɗauki takarda a ja mata layi biyu, ta zama gida uku: abin da ya faru gab da halin, abin da yaron ya yi, abin da ya biyo baya nan take. Hali ɗaya tak za a bi, kwana 5 a jere. A rubuta abin da ido ya gani. "Ya yi fitsara" ba ya ƙirguwa. "Ya tashi daga benci ba izini sau 6 tsakanin 8:30 da 9:10" yana ƙirguwa. Malamin da ke gaban yara tamanin ba shi da hannun rubutu, sai ya zuba ƙwayar wake goma a aljihun dama, duk lokacin da abin ya faru ya mayar da ɗaya aljihun hagu, a lokacin tara ya ƙirga ya rubuta.

Gida na uku na takardar ne ke tona asiri. A ce takardar ta nuna yaron lafiya lau yake a darasin Hausa, amma da an rubuta lissafi a allo sai ya tsokani na kusa da shi, malam ya kore shi waje. A wurin malam hukunci ne, a wurin yaron kuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. An koya masa cewa tsokana ce ƙofar fita daga lissafi. Irin wannan yaro a bincika tukuna ko ya iya karanta lambobin ma. Sannan a rage masa lodi: maimakon tambaya goma a ba shi uku, biyun farko waɗanda tabbas zai iya. A buɗe masa ƙofa ta halal, wato ya ɗaga hannu ya ce "Malam, ban gane ba", ko ya nemi hutun minti biyu, sau biyu a darasi. Sharaɗin shi ne aikin na nan yana jiransa. In kuma ya tsokana, ba ya fita, aikin bai ragu ba.

Mai neman a kula shi lissafinsa dabam ne. A wurinsa tsawa ma kulawa ce, kuma ta fi shiru daɗi. Yaron da ba a kiran sunansa sai ya yi laifi zai yi ta laifin. Sai a riga shi: kowane minti biyar zuwa goma a ratsa ta gefensa, a duba littafinsa, a yi masa magana ɗaya, tun bai nema ba. A ba shi goge allo ko raba littattafai. In ya yi ƙananan abubuwan jan hankali, a kau da kai gaba ɗaya, ba kallo, ba tsaki, ba wa'azi.

A nan mutane da yawa ke karaya. Kwanakin farko na kau da kai halin na iya ƙaruwa maimakon ya ragu. Yaron da ya saba kukan minti biyu ya samu alewa zai kai minti goma, ya ƙara da birgima, don abin da ya saba yi masa aiki ya daina. Wanda ya sakar masa a minti na tara ya koya masa cewa sabon farashi minti tara ne. Gara a ba shi tun farko da a ba shi a tsakiyar birgima. A gidan yawa kuma sai an haɗa baki. Uwa ta hana, kaka ta ce "ku ƙyale mini miji na" ta miƙa masa, shi ke nan an rushe aikin mako. Halin da ake biya wa buƙata jefi-jefi ya fi wanda ake biya wa kullum wuyar mutuwa. Duka, cizo, jifa da duk abin da zai ji wa wani ciwo ba a kau musu da kai. Ana tsayar da su nan take.

Rabin abin da ake kira taurin kai daga yadda aka ba da umarni yake. Kira daga tsakar gida zuwa zaure, da saƙo huɗu a numfashi ɗaya, ɗan shekara biyar ba zai riƙe ba. A matso, a rage tsawo, a kira suna, a faɗi abu ɗaya, kuma abin da za a yi, ba wanda za a bari ba. "Sani, sa takalmanka a bakin ƙofa" ya fi "ka daina watsar da kaya". A yi shiru a ƙirga biyar a zuci. In bai motsa ba a maimaita sau ɗaya tare da abin da zai biyo baya, sannan a cika. Barazanar da ba za a iya cikawa ba, irin su "zan karya ka", tana koya wa yaro cewa maganar babba iska ce. A kuma jera abin da ba ya so kafin wanda yake so: "Gama layi uku, sannan ƙwallo."

Yabo yana yi wa iyaye da yawa nauyin baki, ga alkunya, ga tsoron kada yaro ya kumbura. Yabon da ke gyara hali ba kirari ba ne, bayani ne. "Madalla, ka jira har ta gama magana." Ya fito cikin daƙiƙoƙi, ya ambaci abin da aka yi, kuma kada a ɗaura masa wutsiya irin "da ma kullum haka kake". A yi ƙoƙari kowane gyara ɗaya ya samu yabo huɗu a rana.

Ga babban aji akwai dabarar da aka fara gwadawa a wani aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka, aka wallafa sakamakonta a 1969. A raba aji rukuni biyu ko uku, a watsa masu ƙiriniya a cikinsu. A rubuta doka uku a allo. A ce wasa ya fara, minti 10 a tsakiyar darasi. Wanda ya karya doka, malam ya ja wa rukuninsa layi ɗaya, ya faɗi dokar a taƙaice, ya ci gaba da koyarwa. Duk rukunin da bai wuce layi 4 ba ya ci, ko da duka ne. Ladan ba ya buƙatar kuɗi: su fara fita tara, ko su zaɓi wasan ƙarshen rana. Sannu a hankali a tsawaita lokacin. Abin da ke ɓata shi: a bar wa monita jan layi, sai son kai da ramuwa su shigo, ko a hana ladan da aka ci saboda wani laifi na daban. In wani yaro yana ɓata wa rukuninsa da gangan don a yi dariya, a mai da shi rukuni shi kaɗai na kwana biyu.

Kafin a ɗora wa yaro sunan marar ji, a tabbatar yana jin. Kunnen da ya sha zubar da ruwa, idon da ba ya hango allo daga baya, cikin da bai karya ba, ciwon sikila, duk suna fitowa da kamannin rashin ji. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kai sha biyun dare a gaban waya ko a wurin talla zai biya bashin a aji. Yaron da halinsa ya juye farat ɗaya, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya shiga tsoron wani mutum ko wani wuri, wannan ba na takardar ƙirge ba ne: a zauna da shi a keɓe a saurare shi, a kai shi asibiti.

Bayan mako biyu a sake ƙirga wake a lokaci ɗaya, a darasi ɗaya. Daga 6 zuwa 4 ci gaba ne, a riƙe tsarin yadda yake. In adadin bai motsa ba, kuma manya ba su saɓa wa tsarin ba, to an yi kuskuren gano buƙatar. A koma gida na uku na takardar a sake karantawa.