Ƙanƙarar asuba a kan gilashi

Laraba, Aberdeen, Birtaniya.

Tun jiya da daddare na san yau za a sha fama, don da na leƙa ta taga bayan isha'i sama garau take babu gajimare ko ɗaya, kuma duk wanda ya yi hunturu biyu a garin nan ya san daren da sama ta washe haka shi ne daren da ƙanƙara ke kwana a kan mota. Gajimare kamar bargo ne, in babu shi ɗumin gilashi ficewa yake yi, raɓa ta sauka ta daskare. Na yi niyyar sauka in rufe gilashin gaba da tsohon zanin gadon da uwargida ta ware min amma gajiya ta hana, barci ya kwashe ni.

Asuba yanzu sai wajen 6:30, rana kuwa ba ta leƙowa sai kusan 8:45, ni kuma dole 7:15 ta same ni a gidan tsohuwar farko cikin waɗanda nake aikin kula da su, a unguwar Bridge of Don, don ba ta iya saukowa daga gado sai an kama ta, ga maganin da take sha kafin karin kumallo. Ina idar da sallah na zura riguna uku na sauka. Wlh motar fari fat, gaba da baya da gefe har madubi, ƙofar ma sai da na ja da ƙarfi kafin robar ta saki. Na tada inji, allon mota ya nuna sanyi ya kai -4. Na juya hita zuwa gilashi, na kunna wayoyin nan masu ɗumama gilashin baya, na kunna esi ma, don shi ke busar da iskar ciki ya hana gilashi yin hazo. Kuma ban matsa daga wurin ba, a nan doka ta hana ka bar mota a kunne a bakin titi ka koma ɗaki, ɓarayi ma irin safiyar nan suke jira.

Sai na ɗauko gwangwanin feshin, di-aisa suke ce masa. Daga sama ake farawa saboda ruwan ya gangaro ya ci na ƙasa. Kana fesawa za ka ji wani ƙas-ƙas siriri, farin ya fara komawa ruwan toka, ya tsattsage, ya riƙa zamewa kamar ƙanƙarar zoɓo in ta fara saki a leda. Warinsa kuwa sak sifirit ɗin da ake goga maka kafin allura, kuma dangin abu ɗaya ne, sinadarin alkohol ne da ba ya daskarewa sai sanyi ya kai inda ba a zato, in ya gauraya da ƙanƙara sai ta kasa riƙe kanta a -4 ɗin. Dabarar gishirin da manyan motoci ke watsawa a titi da daddare kenan. Matsalarsa guda, saurin bin iska yake, in ka fesa ka tsaya kallo ruwan da ya bari zai sake kamewa, shi ya sa nake binsa da abin kankarewa na roba nan take. Waifa kuma da hannu na ɗaga ta a hankali, in ka kunna ta tana manne robar ce za ta yage, ko fis ya ƙone.

Ina cikin haka sai ga maƙwabcina na bene na biyu, yaron kirki daga Zariya, watansa huɗu da zuwa karatu, satin nan ya sayi 'yar motarsa. Riƙe yake da butar lantarki tana tururi.

"Yaya ina kwana, ya sanyi?"

Ban ma amsa gaisuwar ba na ce masa dan Allah ƙanina tsaya, kar ka zuba. Ya yi turus. Na ce gilashin nan ya kwana a sanyi, in tafasasshen ruwa ya sauka a kai wuri ɗaya zai buɗe farat ɗaya sauran yana ƙanƙame, in akwai ɗan tabon tsakuwa ko kamar ƙwayar gero ne daga nan zai tsage har ƙasa. Ko bai tsage ba ruwan da ya zuba a ƙasa zai daskare, wani ya fito ya zame. Ya ce wlh Yaya shi a tunaninsa kamar ƙurar hunturun gida ce, a watsa ruwa a goge da tsumma a wuce. Na gane shi sarai, ba wanda ke zaunar da kai ya koya maka irin wannan, sai dai ka gani ko ka yi asara.

Ragowar gwangwanin muka fesa a tasa, bai ko kai rabin gilashi ba ya fara tsiyaya ya mutu. Dama in gwangwani ya kwana a mota ƙarfin feshinsa raguwa yake. Sauran da hannu muka kankare, shi da wani tsohon katin roba ni da abin kankarewa, ba safar hannu gare shi ba, yatsunsa har rawa suke, na cire ɗaya na ba shi.

Minti 8 na makara. Na kira ofis tun kafin in tashi.

Abin da ya ɓata min rai a hanya yake, daf da gadar Diamond na ga wata mota an kankare ɗan rami kamar faifai saitin fuskar direba kawai, gefe duk fari, yana tafe a duhu ga masu keke ga mutane na tsallakawa zuwa tashar bas. Doka ta 229 a kundin dokokin hanya na ƙasar nan ta faɗa ƙarara, sai ka share duk gilasai, fitilu da lamba su fito. Amma ni ba tarar ce damuwata ba, ran mutum fa, saboda minti biyar. Har na isa ina ta juya abin a zuciya.

Tsohuwar na samu a farke tana jira. Da na kama ta zan ɗaga sai ta ce hannuna sanyi ƙalau, ta sa na ɗora su a jikin hita tukuna kafin mu ci gaba.

Da yamma na biya kantin Tesco na sayi gwangwani biyu da ruwan wanke gilashi na hunturu wanda ba ya daskarewa a tanki, da safar hannu. Ɗaya gwangwanin da safar na miƙa wa ƙanin nawa, na ce ya ajiye a bayan ƙofar ɗaki ba a mota ba. Yanzu 9:40, na leƙa sama garau take yau ma. Na riga na sauka na shimfiɗa zanin gadon, na matse gefensa da ƙofofi, na ɗaga waifa sama. Tasa motar kwali muka sa mata.