Abin da damina ta koya min a kan mashin

Shekarata takwas ina kilando a garin Garwa da ke arewacin Kamaru, abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa acaɓa. Na fara da mashin ɗin maigida, kullum da yamma in kai masa kuɗinsa, yanzu Alhamdulillahi nawa nake hawa. Yaran da suke shigowa sana'ar suna yawan tambayata wane lokaci ne yafi wahala, su a tunaninsu zafin watan Maris da Afrilu ne, lokacin da kujerar mashin ke ƙona mutum in ka bar ta a rana, to zafi kam akwai shi amma zafi bai taɓa kayar da ni ba. Damina ce.

Ruwan farko shi na fi tsoro a kan kwalta. Wata shida ko fiye ba a yi ruwa ba, man juye ya ɗiga, gas na manyan motoci ya zuba, ga ƙura ta kwanta a kai, da yayyafi ya sauka sai duk su haɗu su zama kamar an shafa wa titi karkashi. Wanda bai sani ba zai ga ai ɗan yayyafi ne ya ci gaba da gudunsa. A irin wannan ranar na fara faɗuwa, wajen shataletale, na damƙe birkin gaba da ƙarfi mashin ya zame ya bar ni, Allah ya taimaka ba fasinja. Tun daga nan in titi ya jiƙe giya nake saukewa tun daga nesa, in taɓa birkin baya a hankali sannan na gaba, kuma bana kwantar da mashin a kwana. Taya in ta suɗe kuma kar ma ka fito, kuɗin sabuwar taya bai kai kuɗin ɗori ba.

Amma abin da ya canza min tunani gaba ɗaya ba a kwalta ya faru ba.

Wata ranar Lahadi ce cikin watan Agusta, ranar kasuwar Pitowa, na kai wata baiwar Allah da kayanta wani ƙauye can bayan kasuwa. Da safe mun tsallake wani mayo, wato rafi, yashi ne zalla, ko digon ruwa babu. Da zan dawo bayan la'asar sai na ɗauko wani ɗan kasuwa mai sauri, wai yana son ya riski motar Marwa. Inda muke ba a yi ruwa ba ko kaɗan, amma hadari ya haɗu baƙi ƙirin can wajen duwatsun Tingilin tun azahar. Muna isowa mayon nan muka tarar da ruwa ja yana gudu da itace da ledoji. Wani dattijo mai keke yana zaune a gindin bishiya yace min, "yaro dakata, wannan ruwan dutse ne, ka ba shi awa ɗaya zai wuce." Fasinjana yace "malam direba dan Allah mu je, zan ƙara maka jaka ɗaya." Jaka ɗaya fa, sefa dubu, a lokacin da nake zagaye gari ina tara ɗari ɗari. Nace Baba ai bai kai gwiwa ba. Bai ƙara ce min komai ba, ya dai girgiza kai.

Wallahi ko tsakiya bamu kai ba yashin ƙasa ya zame, tayar gaba ta nutse, ruwa ya rufe salansa, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Abin da bana mantawa shi ne ƙarfin ruwan a ƙafata, kamar mutum ne yake jan ka da gangan. Fasinjan ya diro ya kama kafaɗata, jakarsa ta tafi, muna kallonta. Dattijon nan da wasu samari biyu su suka shigo suka janyo mu da mashin ɗin. Ina fitowa hannuna na rawa na kai ƙafa zan buga kik, Baban ya riƙe ni yace kar ka kuskura, in ruwa ya shiga inji ka tayar da shi ka gama da shi. A gefen hanya muka kwance fulogi, wanda mu nan muke ce wa buji, muka ɗaga mashin ruwa na tsiyaya daga salansa, man injin ya koma fari kamar kunu. Sai turawa na yi har bakin kwalta. Kwana huɗu ban yi aiki ba, juye sau biyu, ga kuɗin bakanike, ga maigida yana jiran nasa. Kuma ruwan nan kafin mu gama kwance buji ya ja baya, mata suna tsallakewa da tallansu a ka.

Na daɗe ina tunanin dalilin da yasa na shiga. Ba rashin sani bane, na ga hadarin, na ji maganar babba. Kuɗi ne da kunyar in ce wa fasinja a'a. Kuma wannan ita ce cutar da ke damun mu duka a sana'ar nan, da ruwa ya tsuge kowa na neman mashin, farashi ya tashi, sai kaga yaro ya ɗauki mutum biyu da buhu yana keta ruwa a unguwar Yelwa ko Rumde Ajiya alhali bai san inda kwalbati ya buɗe baki a ƙarƙashi ba. Ni yanzu ruwan da bana ganin ƙasansa bana shiga, ko a cikin gari ne, sai in na ga wani ya wuce na gane layin da ya bi. In fasinja ya matsa sai ince masa Alhaji yi haƙuri, ga wani mashin can, ni dai ban iya ba. Wasu su yi fushi, wasu su zauna mu jira tare a ƙarƙashin rumfa.

Hanyar laka ma tana da nata karatun, musamman baƙar ƙasar nan ta karal inda ake shuka muskuwari, dawar rani, tana manne wa taya har ta cika tsakanin taya da madigadi ta hana ta juyawa, dole ka riƙa tsayawa kana ƙwaƙulewa da ƙirare. Sai zuwa-zuwa, man kwalba da muke saye a bakin titi, da damina ina ɗaga kwalbar in duba gindinta kafin a zuba min don ruwa ƙasa yake kwanciya. Bayan ka keta ruwa kuma birki baya kamawa nan take, sai ka ɗan riƙa taka shi kana tafiya a hankali har ya bushe.

Lokacin hunturu kuwa hazo ne, da asuba a kan gadar Binuwai baka hango mai amalanke sai ka zo dab da shi, shi yasa nake kunna fitila ko da rana ce, in rufe hanci da rawani a ƙarƙashin hular kwano.

Bara ƙanena ya fara hawa. Ranar da aka yi ruwan farko na karɓe makullin na sa a aljihu, ya yi ta ƙorafi wai Yaya yau ake samun kuɗi. Da ruwan ya ɗauke na goya shi muka je shataletalen da na faɗi, na sa shi ya sauka ya goga tafin takalminsa a kan kwaltar ya ji da kansa.