Riƙon ɓeran Masar mai daɗaɗɗen ciwon haƙori da ƙashi

A gidaje da yawa na Katsina, abincin ɓeran Masar dusa ne, sai ɓawon kayan miya da ɗan hatsi idan an samu. Yana ci, yana ƙiba, yana hayayyafa, mai shi ya ɗauka lafiya lau. Sai ya kai shekara ɗaya ko biyu a fara ganin haɓarsa kullum a jiƙe da miyau, ya rugo wurin abinci da ɗoki, ya ɗauka ya saki, ko ya riƙa tsalle da ƙafafun baya a haɗe maimakon tafiya. Kafin a kai ga lura, ciwon ya daɗe yana cin sa. Irin wannan ciwo ba kasafai yake warkewa sarai ba, amma ana iya riƙon dabbar watanni, wani lokaci shekaru, cikin sauƙin rai. Abin da ke saurin kashe shi yunwa ce da raɗaɗi, kuma duka biyun suna hannun mai kiwo.

Haƙoransa 20 ne, huɗu a gaba, 16 a ciki, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako. Abin da ke rage musu tsawo shi ne gogayya yayin tauna ciyawa mai kaushi, wadda yake shafe sa'o'i yana niƙa. Dusa da hatsi ba sa buƙatar wannan niƙa, ga saurin ƙosarwa, sai haƙora su yi ta tsawo babu mai ci musu. Turamen nasa, wato haƙoran ciki, a karkace suke, na ƙasa sun sunkuyo wajen harshe, na sama sun nufi kumatu. Idan na ƙasan suka yi tsawo sai su haɗu a saman harshe kamar bakan gizon ɗakin soro, su danne shi, ya kasa tura abinci zuwa maƙogwaro. Na saman kuma su yi tsini su riƙa yankar kumatu. Shi ya sa duba haƙoran gaba kaɗai yake yaudarar mutane: sau da yawa karkacewarsu alama ce kawai ta ɓarnar da ke can ciki, inda ido ba ya kaiwa sai da fitila da kayan likita.

Ƙashi kuwa ta hanya uku yake lalacewa. Ta farko ƙarancin bitamin C. Jikin ɓeran Masar, kamar na ɗan Adam, ba ya haɗa wannan bitamin da kansa, kuma cikin mako biyu zuwa uku da rasa shi gaɓoɓi kan kumbura, dasashi ya yi jini, haƙora su fara girgiɗi, dabba ta yi ƙara idan an ɗaga ta. Ta biyu rashin daidaiton kalsiyam da fosfaras, sinadaran da ke gina ƙashi. Dusa da hatsi suna da fosfaras mai yawa, kalsiyam kaɗan, sai jiki ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi don ya cike giɓin jini. Muƙamuƙi ya yi laushi, haƙoran da ke dashe a cikinsa su goce daga mazauninsu. Ta uku gado ce, ana ganinta a jinsin nan mai gashi mai sheƙi kamar alharini, da ake kira satin, wanda ƙashinsa kan zube ko da abincinsa daidai yake, galibi daga shekara ɗaya zuwa biyu. Biyun farko ana iya tsayar da su da gyaran abinci, ko da yake haƙorin da ya riga ya goce ba ya komawa. Ta ukun lallaɓawa kawai ake yi.

Kayan aiki na farko da ya kamata ka saya shi ne ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Gashi yana ɓoye rama, hannu kuma ba ya gane ragin giram 60. Babban namiji kan kai giram 900 zuwa 1,200, mace 700 zuwa 900. Mai ciwo a auna shi kowace safiya kafin ya ci, a rubuta a littafi. Hawa da saukar giram 20 zuwa 30 ba komai ba ne. Idan ya rage 50 a fara ba shi abinci da sirinji, idan ya rage 100 a nemi likita a ranar. A riƙa duba kashinsa ma. Idan ya ƙanƙance, ya bushe, ko ya ragu, to abin da ya ci jiya bai isa ba. Wanda ya yi sa'a 12 bai ci ba, hanjinsa na dab da tsayawa, ciki ya kumbura da iska, kuma daga nan dawowa da wuya.

Ciyarwa da sirinji ita ce ainihin aikin, don haka a koye ta da kyau. A sami sirinjin mililita 1, a cire allurar, a yanke bakinsa ya ɗan buɗe, a goge kaifin. Idan akwai dunƙulen abincin ɓeran Masar na kanti, a jiƙa shi da ruwan ɗumi har ya yi kaurin kunu. Na zomo yana iya tsayawa na wucin gadi amma ba a dogara da shi wajen bitamin C, na kaji kuwa kada a kusance shi. In babu, a daka busasshiyar ciyawa mai tsabta a turmi, a tankaɗe da rariya, a kwaɓa da dafaffiyar kabewa da markaɗaɗɗen koren tattasai. Ban da madara, koko, sukari ko zuma, domin hanjinsa harza yake nema, wato abinci mai kaushi irin ciyawa. A naɗe shi da tawul, a zaunar da shi a kan ƙafafunsa huɗu, kada a kwantar da shi rigingine. A shigar da sirinjin ta gefe, ta giɓin da ke bayan haƙoran gaba, a matsa abin da bai kai rabin mililita ba, a jira ya tauna ya haɗiye. Gaggawa a nan takan tura abinci cikin huhu, ciwon huhu kuma ya fi na haƙori saurin kisa. Babban da ya daina ci gaba ɗaya yana buƙatar mililita 60 zuwa 90 a yini da dare, a raba kashi shida zuwa takwas, sa'a uku ko huɗu tsakani. Sikelin gobe ne zai faɗa maka ko ya isa. Ruwa kuma yana shan kusan mililita 100 a kowane kilo na nauyinsa, a bazara fiye da haka.

Ko ana ba shi da sirinji, kada ciyawa ta yanke a gabansa, domin duk ɗan abin da ya tauna da kansa ribar haƙori ce. Da damina akwai kirikiri da harkiya da ɗanyar kyasuwa. A yanka su da yawa tun kafin su tsufa, a shanya a inuwa, a ajiye don rani. A guji ta bakin titi da ta gonar da aka yi wa feshi. Wanda bakinsa ke ciwo a yayyanka masa ganye siri-siri kamar taliya, a miƙa masa ta gefen baki. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam sosai, ɗan kaɗan yana taimakon ƙashi, amma kada ta zama ita ce cimarsa, saboda rarar kalsiyam ta fitsari take fita kuma tana haifar da tsakuwar mafitsara. Haka zogale da alayyahu. Dalilin ke nan da ya sa ba a ba shi ƙwayar kalsiyam ko bitamin D da ka, sai likita ya ga hoton ƙashi ya tsara.

Bitamin C kuwa lissafinsa a fili yake. Lafiyayye yana buƙatar aƙalla miligiram 10 a kowane kilo kullum, mai ciki 30, wanda ƙarancin ya riga ya kama kuma akan ba shi 50 zuwa 100 a rana har ya farfaɗo. Farar ƙwayar miligiram 100 ta kemis ta wadatar: a narkar da ɗaya a mililita 4 na ruwa, kowace mililita ta zama miligiram 25, a ba shi nan take. Zuba shi a ruwan sha asara ce, haske da zafi suna kashe shi cikin yini, ɗanɗanon kuma kan sa dabba ta ƙi ruwan. Koren tattasai marar yaji da yankin gwaiba da aka cire wa 'ya'ya suna da shi da yawa. Albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir da na dankalin Turawa ba abincinsa ba ne.

Rage tsawon haƙori aikin likitan dabbobi ne, da ƙaramin injin gogewa, bayan an sa dabbar barci. Abin yanke farce ko filaya yana tsaga haƙori har saiwa, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙurji ya fito a muƙamuƙi, mugunyarsa kuma mai kauri ce, ba ta tsiyayewa sai an yi aiki. Mai daɗaɗɗen ciwo yakan buƙaci a maimaita gogewar duk mako huɗu zuwa takwas, saboda haka a yi lissafin kuɗi da hanya tun farko. Idan likitan da ke kusa ba shi da kayan, a roƙe shi ya tura ka asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ba a hana shi abinci dare guda kafin aiki yadda ake yi wa kare, tunda ba ya amai. Bayan aiki ma yakan ɗauki kwanaki kafin ya koma ci da kansa.

Maganin raɗaɗi ba alfarma ba ne, dabbar da muƙamuƙinta ke zogi ba za ta tauna ba ko an gyara haƙorin. Likitoci sun fi amfani da meloxicam, su ne kuma za su auna shi da nauyinsa. Babban haɗari yana wajen maganin kashe ƙwayoyin cuta. Penicillin, amoxicillin, ampicillin, erythromycin, lincomycin da clindamycin suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, gudawa ta biyo baya, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ragowar maganin yara da garin maganin kaji da ake zubawa a ruwa sukan ƙunshi irin waɗannan, kada a gwada.

Sai makwanci. Kejin da ƙasansa waya ce yana huda tafin ƙafar mai ciwon ƙashi, har ta kumbura ta yi gyambo. A shimfiɗa tsohon tawul ko bargo mai laushi a kan daɓe, a canza kullum, a cire duk wani tudu ko matakala, a matso da abinci da ruwa kusa da inda yake kwanciya. A goge masa haɓa da gindi da ruwan ɗumi a busar, don miyau da fitsari suna cin fata. A ɗauke shi da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, ƙashinsa na iya karyewa daga 'yar faɗuwa. Asalinsa daga tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, alhali Katsina a Afrilu da Mayu takan kai 40. A ajiye shi a ɗakin ƙasa mai iska, nesa da rufin kwano, kusa da randa, a rufa jiƙaƙƙen buhun algarara a gefe ɗaya na kejin. Da hunturu a kare shi daga iska da ƙura. Kada a raba shi da abokin zamansa in ba cin zalinsa yake yi ba, domin ganin wani yana ci yana sa shi ci.

Wanda aka gane yana da ciwon gado kada a bar shi ya hayayyafa, shi da 'yan'uwansa masu irin gashinsa. Idan kuma an kai inda nauyi ke ta sauka duk da cikakkiyar ciyarwa, yana kau da kai daga sirinji, maganin raɗaɗi ya daina kama shi, to a zauna da likita a yi maganar sauƙaƙa masa mutuwa, kada a bar shi ya ƙare da yunwa a lungun keji.