Godiya bayan dare uku na kiɗan gidauniya

Assalamu alaikum. Sai yau na samu na zauna, bayan mun share zaure kuma gajiya ta ɗan sake ni. A madadin kwamitin cibiyarmu ta fasaha, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a taron kiɗan gargajiyar Turai da muka yi dare uku a jere, domin tara kuɗin gyaran rufin ɗakin koyarwa da ci gaba da darasin kiɗa na yara kyauta. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Makaɗa su yi mini afuwa, ba da su zan fara ba. Zan fara da dattijon da ya saita mana piyano, wanda babu ko mutum ɗaya da ya tafa masa. Yoyon rufin nan ya sa piyanonmu ya sha danshi, katakon cikinsa ya kumbura, muryarsa ta kauce. Ni da na ɗauka aikin minti talatin ne. Ashe madannai 88 ɗin da muke gani a waje, tsirkiyoyin ƙarfen da ke bayansu sun haura 200, domin yawancin madannan tsirkiya uku-uku suke bugawa, kuma dole ukun su zama baki ɗaya. Baba ya fito da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ya buga shi a gwiwa, ya kara a kunne. Shi ne ke ba da sautin da suke kira A, mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, daga shi ake auna sauran. Ya kore mu duka daga zauren, har fanka ya sa aka kashe, wai tana cika masa kunne. Bai fito ba sai da rana ta yi sanyi. Da na kawo maganar ladan aikinsa, sai ya ce, "Ɗana, zuba shi a kuɗin rufin. In rufin bai gyaru ba, ai ni za ku sake tasowa." Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sai makaɗanmu: mai piyano da masu goge huɗu, wato ƙananan goge biyu, da matsakaici, da babban nan da ake jingina wa tsakanin gwiwoyi. Babu wanda ya karɓi ko kwabo, kuma sun yi makonni suna zuwa atisaye bayan sun tashi daga aiki. A dare na biyu, ana tsaka da wani kashin kiɗan mai sauri, tsirkiyar gogen da ke jagora ta tsinke, tas! Gabana ya faɗi. Ita kuwa mai gogen, baiwar Allah, ko a jikinta. Ta ɗan rusuna, ta shiga ciki, ta ɗaura sabuwa, ta dawo. Sabuwar tsirkiya tana saki kafin ta zauna, don haka sai da ta riƙa ɗan murɗa ta a duk inda aka tsaya. Zauren ya yi tsit yana jiranta, ko tari ban ji ba. Wannan haƙurin ma abin godiya ne.

Maganar tafi kuwa, ga ra'ayina. Irin wannan kiɗan yakan zo kashi huɗu, kuma an saba a bari sai an gama duka kafin a tafa. Da yawa daga cikinku ranar ce farkon zuwanku, kuka tafa bayan kashi na farko, na ga wasu sun ɓata rai. Ni ban ga laifi ba. Mai babban goge ma ya juyo ya ce a lokacin da aka rubuta kiɗan, a ƙarni na 18, masu sauraro kan tafa a tsakiya in abu ya yi musu daɗi, don haka a tafa. Wanda ya bar gidansa da dare ya zo ya tallafa wa yaran wasu, ba za mu koya masa inda zai sa hannunsa ba.

Ba zan manta da ɗalibarmu da ta zauna gefen mai piyano tana juya masa shafi ba. Hannunta na rawa, a wani wuri ta haɗa shafi biyu ta juya. Malaminta ya ci gaba da ka, bai ko ɗago ba, ita kuma ta lallaɓa ta gyara. 'Yata, kin yi ƙoƙari, kuma saboda irinku muka yi taron.

Inda muka gaza shi ne kujeru, kuma laifina ne, ni na yi lissafin. Daren ƙarshe wasu a tsaye suka saurara daga farko har ƙarshe, ciki har da dattawa. Ku gafarce ni. Mai piyano ya so ya kwantar mini da hankali da wani labari: a ranar 13 ga Afrilu 1742, a birnin Dablin na ƙasar Ireland, aka fara gabatar da wani shahararren kiɗa mai suna Messiah, wanda makaɗi Handel ya rubuta, shi ma don gidauniya. Domin zauren ya ɗauki mutum 700, sai aka roƙi mata kada su sa rigunan nan masu faɗin ƙugu, maza kuma su bar takubbansu a gida. An tara kimanin fam 400, aka raba wa asibitoci biyu da masu taimakon fursunoni, har aka saki mutum 142 da bashi ya kai su kurkuku. Na ce masa to ai su sun yi dabara tun kafin ranar, ni kuwa sai da mutane suka cika ƙofa na farga.

Matasan da suka yi dakon kujeru, masu tsaron ƙofa, wadda ta buga takardun shiri, maƙwabtan da suka jure wa atisayenmu na dare, da waɗanda ba su samu zuwa ba amma suka aiko da gudummawa: ba zan iya lissafa ku ɗaya bayan ɗaya ba, amma mun gani, mun kuma gode.

Abin da aka tara ya isa gyaran rufin. Na darasin yara bai kai na shekara guda ba, gara in faɗa muku gaskiya. Ma'aji zai liƙa cikakken lissafin shiga da fita a allon sanarwa na cibiyar, duk mai tambaya ya same shi.

Akwai tabarau guda da laima biyu da aka manta a zaure, suna ofis. Ranar Asabar da safe za mu mayar da kujerun aro, mai hali ya zo ya kama mana.